Babi na Shida: Daga Hasken Rana Zuwa Digirin Digirgir

Idan aka ce wani ɗan Arewa yana digirin digirgir a kan haske, ko a kan wasu sinadarai da ido ba ya iya gani, tambayar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce: to wannan karatu me zai tsinana mana? A Maiduguri tambayar ta fi nauyi. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka kayar da turakun babban layin wutar da ke tasowa daga Damaturu. Aka gyara, suka sake kayarwa, garin ya yi watanni masu yawa babu wutar gwamnati. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar gaggawa mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, don rage raɗaɗin. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da haƙƙin ya ce: mu da muke neman wutar da za mu sa ruwa ya yi sanyi, ina ruwanmu da binciken haske?

Amsar tana da matakai. Sai mun fara sanin mene ne ilimin, sannan mu ga inda ya shafi Borno, kafin mu zo kan mutumin da komai ya rataya a wuyansa, wato malamin da ke duba aikin ɗalibi.

Haske ya zama ma'aikaci

Fannin da masana ke kira fotoniks ilimi ne na samar da haske, sarrafa shi, aika shi wani wuri da kuma auna shi. Tushensa tsoho ne. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ne ke jefa haske kan abu ba. Amma fannin bai zama sana'a ba sai bayan 16 ga Mayun 1960, ranar da Theodore Maiman ya kunna lesa ta farko a Amurka. Saboda haka ne UNESCO ta ware 16 ga Mayu a matsayin Ranar Haske ta Duniya.

Mazaunin Maiduguri yana cin moriyar wannan ilimi tun daga asuba har dare, ko bai taɓa jin sunansa ba. Faifan sola da ke kan rufin mai cajin waya a Kasuwar Monday fotoniks ne. Fitilun kan titi masu kunna kansu da magariba fotoniks ne. 'Yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri tana harba haske iri biyu ta cikin tsoka, ɗaya ja, ɗaya wanda ido ba ya gani, daga nan ta lissafa yawan iskar shaƙa da ke cikin jini. Jaririn da aka haifa da shawara ana kwantar da shi ƙarƙashin shuɗin haske, hasken ya narkar da sinadarin da ke sa fatarsa ta yi ɗorawa. Saƙon WhatsApp da ka aika wa ɗan'uwanka a Jidda kuwa, mafi yawan tafiyarsa ya yi ta ne a matsayin walƙiyar lesa cikin siririn zaren gilashi. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa gilashi mai tsafta zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, aka ba shi kyautar Nobel a 2009. A 2010 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku guda biyu, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas, suka faɗaɗa hanyar intanet ta Nijeriya.

Tsanin da ke cikin ƙwayar zarra

Don a gane yadda waɗannan na'urori ke aiki, dole a leƙa cikin ƙwayar zarra. A 1900 Max Planck ya kawo ra'ayin cewa makamashi ba ya kwarara yadda ya ga dama, yana zuwa ne gutsure-gutsure masu ƙayyadadden girma. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske shi ma haka yake. Gutsuren haske ɗaya shi ake kira foton, ilimin da ya tsiro daga nan kuma shi ne kwantam.

Mu ɗauki tsani. Mai hawa tsani zai iya tsayawa a mataki na ɗaya, ko na biyu, ko na uku, amma ba zai iya tsayawa a sararin da ke tsakanin matakai biyu ba. Haka ilektiron yake a cikin sinadari: akwai matakan da aka yarje masa, akwai tazarar da ba ya iya zama a cikinta. Idan ya sauko daga mataki na sama zuwa na ƙasa, sai ya saki foton ɗaya. Faɗin tazarar ne ke yanke launin hasken. Tazara ƙarama tana ba da ja, babba tana ba da shuɗi.

Ƙwan fitila na zamani, wanda ake kira LED, aikinsa ke nan: wutar batir ta ɗaga ilektiron sama, shi kuma ya sauko ya saki haske. An daɗe da samun ja da kore, shuɗi ne ya gagara shekara da shekaru, domin yana buƙatar sinadari mai faɗin tazara. Masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka shawo kan sinadarin galiyam naitirayid, aka ba su Nobel a 2014. Daga shuɗin nan ake haɗa farin hasken da ke cikin kowace tocila a yau.

Faifan sola kuwa akasin haka yake yi. Foton ya taso daga rana, ya yi tafiyar minti takwas da 'yan daƙiƙu, ya bugi ilektiron a cikin silikon ya ɗaga shi sama, sai a kama shi a tura shi cikin waya kafin ya sauko. Foton da ƙarfinsa bai kai tazarar ba wucewa yake yi a banza. Wanda ƙarfinsa ya zarce kuma, rarar ta zama zafi. Shi ya sa faifan farko da aka ƙera a Bell Labs a 1954 yake mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki, na kasuwa a yau kuma suna kaiwa wajen kashi 20 da 'yan kai.

Sinadaran da suka saɓa al'ada

Akwai rukunin sinadarai da halayen kwantam ke fitowa fili a cikinsu har a iya amfani da su. Su ake kira sinadaran kwantam. Misali uku sun isa.

Na farko, a 1911 wani masani a Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga lantarki na ratsa ta ba tare da wata tirjiya ba. Irin waɗannan sinadarai ne ke cikin maganaɗisun injin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI.

Na biyu, girafin. A 2004, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa ɓare baƙin sinadarin da ke cikin fensir da salatif har suka sami shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Ta fi ƙarfe ƙwari idan aka kwatanta da nauyinta, lantarki kuma na gudu a cikinta da sauri ƙwarai. Sun karɓi Nobel a 2010.

Na uku, ɗigon kwantam. Ƙananan lu'ulu'u ne da faɗinsu bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A wannan ƙanƙanta, girman ɗigon ne ke daidaita tazarar matakai. Sinadari ɗaya, in ɗigon ya ɗan girma sai ya ba da ja, in ya ƙanƙance sai ya koma kore ko shuɗi. Ana amfani da su a allon wasu talabijin. Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2023 ta tafi ga Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov saboda wannan aiki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Yanzu mu dawo gida. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifan sola an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da faifan silikon ya ƙara a kan haka, yana rasa wajen kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na ƙarfinsa. A Maiduguri, a watan Afrilu, iska kanta tana haura digiri 40, baƙin faifan da ke shan rana kuwa yana iya kaiwa 60 ko fiye. Ke nan a daidai lokacin da ake neman fanka da ruwan sanyi ido rufe, faifan ya zubar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da aka saye shi ya bayar. Idan hunturu ya zo, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe gilashin, ta tare haske tun kafin ya isa silikon.

Waɗannan duk tambayoyin bincike ne. Wane irin shafi za a yi wa gilashi don ƙura ta kasa maƙalewa? Sau nawa ya kamata a wanke faifai a unguwar da ruwa kansa saye ake yi daga 'yan garuwa? Wace kusurwa ta fi dacewa da rufinmu? Kamfanin da ke Sin ko Jamus ba zai ba waɗannan tambayoyi fifiko ba, domin ba a rufinsa suke ba.

Ga kuma sabon sinadarin ferobskayit. A 2009 ƙwayar sola ta farko da aka yi da shi a Japan ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Yau a ɗakunan gwaje-gwaje an haura kashi 25. Yana da arha wajen haɗawa, amma zafi da laima suna lalata shi, kuma mafi ingancinsa na ɗauke da dalma. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba a wasa da wannan batu. Kafin irin wannan faifai ya cika kasuwanninmu, ya kamata a sami masana na gida da suka gwada shi a zafinmu, suka kuma tanadi inda za a kai shi in ya mutu.

Ina kayan aiki?

Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama, ta ga jarrabawa iri-iri. A Janairun 2017 harin ƙunar baƙin wake a masallacin jami'ar ya yi ajalin Farfesa Aliyu Mani. A Yulin shekarar aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, cikinsu har da ma'aikatan jami'ar. Duk da haka ana karatu, ana yaye ɗalibai, sashen fiziks na nan yana koyarwa.

Binciken sinadarai yana son injina masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa. Amma ƙofofin shiga sun fi yadda ake zato yawa. Ta farko ita ce lissafi. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Quantum ESPRESSO, da ke lissafa tazarar matakan sinadari tun kafin a haɗa shi, kuma ƙananan ayyuka kwamfuta mai ɗan ƙarfi tana ɗauka. Tun 2010 ake gudanar da makarantar ASESMA a ƙasashen Afirka daban-daban don koyar da wannan fanni. Ta biyu ita ce gwaji mai sauƙin kuɗi. Ƙwayar sola mai aiki da rini, wadda Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da ita a 1991, ɗalibai a jami'o'in Nijeriya da dama sun gwada ta da ruwan zoɓo da na lalle. Wutar da take bayarwa kaɗan ce, amma ɗalibi na koyon aunawa da hannunsa. Ta uku ita ce haɗin gwiwa: Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, da ta Sakkwato, da cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da Abuja, da Cibiyar Lesa ta Afirka mai mazauni a Afirka ta Kudu, da cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa.

Sai dai ɗalibi ba ya sanin waɗannan ƙofofi da kansa, kuma ba a buɗe masa su sai da takardar shaidar wani. Wannan wanin shi ne malaminsa.

Malamin da ke duba aiki

Digirin digirgir ba a aji ake yin sa ba. Ɗalibi yana ɗaukar tambayar da babu wanda ya amsa ta, ya yi shekara uku ko fiye yana bin ta, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban masana ya kare shi. A duk tsawon wannan tafiya malami ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi: su amince da batun, su karanta babi-babi, su sa hannu kafin a kira mai jarrabawa daga wata jami'a.

Labarai biyu daga tarihin fiziks sun nuna girman wannan amana. A 1985, a Jami'ar Rochester ta Amurka, wata ɗaliba mai suna Donna Strickland da malaminta Gérard Mourou suka fito da hanyar ƙara wa walƙiyar lesa ƙarfi ba tare da ta ƙona injin ba, hanyar da ake amfani da ita yau wajen aikin gyaran ido. Sunanta ne a farkon takardar. A 2018 aka ba su Nobel tare, ta zama mace ta uku da ta samu a fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. A ɗaya gefen, a 1967 Jocelyn Bell, ɗaliba a Cambridge, ita ta fara hango wani sabon nau'in tauraro mai aiko da sigina a kai a kai. Da aka zo ba da Nobel a 1974, malaminta Antony Hewish ya samu, babu sunanta. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, sai ta miƙa kuɗin gaba ɗaya don a ɗauki nauyin digirin digirgir na mata da 'yan tsiraru da 'yan gudun hijira a fannin fiziks.

A jami'o'inmu ƙorafin ɗalibai sananne ne: babi ya yi watanni a teburin malami, malami ɗaya yana riƙe da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ɗalibi na tsoron yin tambaya kada a ce ya raina na gaba. Su ma malamai suna da nasu kukan, na ɗimbin azuzuwa da ƙarancin albashi da yajin aiki, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. A ƙarshen 2024 kuma hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu, ta sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da masu zuwa su ƙi dawowa. Ma'anar wannan ita ce yawancin daktocin gobe a hannun malaman gida za su fito.

Su wa ake bari a baya?

Tsarin da aka saba da shi an yanka shi ne daidai da namiji mai lafiya, mai albashi, wanda Turanci ya zauna a bakinsa, wanda kuma zai iya kwana a ɗakin gwaje-gwaje. Duk wanda ya saɓa wa wannan siffa sai ya yi ta faɗi-tashi.

Akwai matar aure mai goyo da ba za ta iya kaiwa dare a makaranta ba. Akwai wanda rikici ya raba da Bama ko Gwoza ko Baga, karatunsa ya tsaya shekaru, takardunsa suka ƙone. Akwai wanda ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta cinye masa kwamfuta da littattafai. Akwai mai keken guragu da ɗakin gwaje-gwajensa ke saman bene, alhali dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gyara gine-ginen jama'a don su iya shiga. Akwai kuma ɗalibi mai kaifin lissafi da ke tunani da Barbarci ko Babur ko Margi ko Hausa, amma dole ya rubuta da Turanci, sai a ɗauki raunin jimlarsa a matsayin raunin ƙwaƙwalwarsa.

Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta Kano, masaniyar fiziks ɗin sararin samaniya, ta shiga jami'a ne bayan ta yi aure ta haifi 'ya'ya. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya a ƙasashe masu tasowa. Da an auna ta da ma'aunin shekaru da na aure tun daga bakin ƙofa, da Arewa ta yi asarar farfesa.

Abin da malami zai iya yi

Jawo kowa a jiki ba ya nufin sassauta jarrabawa. Ma'aunin kundi ɗaya ne ga kowa, hanyar isa gare shi ce ake gyarawa, kuma yawancin gyaran ba ya cin kuɗi.

Tun ranar farko malami da ɗalibi su rubuta yarjejeniya: sau nawa za a haɗu, kwana nawa babi zai yi kafin ya dawo da gyara, sunan wa zai zo farko a takardar da za a buga. A riƙa haɗuwar rukuni da rana, a ofis mai buɗaɗɗiyar ƙofa, domin ɗaliba da iyalinta su sami kwanciyar hankali, ɗalibai kuma su koyi da juna. A zaɓi batu daidai da halin ɗalibi: wadda ba za ta iya doguwar tafiya ba a ba ta aikin lissafi na kwamfuta, wanda ke da ƙafar yawo a ba shi awon faifai a unguwanni. A bar ɗalibi ya fara bayyana tunaninsa da harshen da ya fi iyawa, sannan a taya shi zuba shi da Turanci. A samar da malami na biyu daga wata jami'a, ko ta intanet ne, don kada makomar mutum ta rataya a kan fushin mutum ɗaya. Sashe kuma ya tanadi hanyar kai kuka da ba za ta jawo wa mai kukan ramuwar gayya ba.

Borno ba baƙuwar amanar malami da ɗalibi ba ce. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem, tushen daular Borno, suka tanadi masauki a Alƙahira don ɗalibansu masu neman ilimi, kuma har gobe ana tahowa Yerwa, wato Maiduguri, daga nesa don a gyara tilawa a gaban gwanaye. Ƙasar da ta san darajar zama gaban malami ba za ta rasa yadda za ta yaye masanan haske ba.

Ke nan amsar tambayar da muka fara da ita ita ce: garin da ya dogara da rana don samun wuta ya fi kowa buƙatar mutanen da suka san yadda haske ke zama lantarki, kuma ba za a same su ba sai malamai sun riƙe duk mai basira, ko da goyo ta zo, ko a kan keke. Saura tambaya ɗaya: wutar da faifai ya tara da rana, a ina za a ajiye ta har dare? A babi na gaba za mu buɗe cikin batir, mu ga dalilin da ya sa yake saurin mutuwa a zafinmu, da abin da mai saye ya kamata ya duba kafin ya fitar da kuɗinsa.